Kuɗin Manomi, Jirgin Wasu

Wace irin hukuma ce za ta hana ka sayar da abin da ka noma ga kowa sai ita, sannan ta zaftare kuɗinka ta je ta sayo jirgin ruwa, kai mai kuɗin sai dai ka ji labari a rediyo? Abin da aka yi wa manoman yammacin Kanada ke nan a watan Fabrairun 2011, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Hukumar Alkama ta Kanada, wadda ake kira CWB, an kafa ta a 1935, kuma tun daga 1943 doka ta sa sayar mata da alkama ya zama dole. Duk manomin da ke lardunan Manitoba, Saskatchewan, Alberta da wani yanki na British Columbia, in dai alkamarsa ko sha'ir ɗinsa na abincin mutane ne ko na fitarwa waje, to a wancan zamanin ba shi da wata ƙofa sai tata. Ba wasa ake da dokar ba. A 2002 manoma 13 suka shiga kurkuku a garin Lethbridge, saboda sun tsallaka da hatsinsu Amurka sun kuma ƙi biyan tarar da aka ci su. Hatsinsu fa, wanda suka noma da hannunsu!

To, wannan hukumar ce ta wayi gari ta ce ta ba da odar jiragen dakon hatsi guda biyu a kan dalar Kanada miliyan 65. A ƙasar Sin za a ƙera su, su riƙa ɗaukar kaya daga tashar Thunder Bay su ratsa manyan tabkuna zuwa kogin St. Lawrence. Ina kuɗin za su fito? Daga asusun da ake tara cinikin manoma, kusan dala ɗaya a kan kowane tan, har tsawon shekara huɗu. Ba a kaɗa wa manoma ƙuri'ar jin ra'ayi a kai ba. An gama yanka, an gama fiɗa, sannan aka sanar da su.

Dubi manomi ɗaya a ƙauyen Saskatchewan. Ya yi shuka a watan Mayu, ya yi girbi yana tsere da sanyi, ya cika rumbunan ƙarfensa. Ba zai kai kaya ba sai an kira nau'in da ya yi yarjejeniya a kai. Ran da aka kira, ya loda a mota cikin dusar ƙanƙara, ya bi layi a ma'ajiyar da ke bakin layin dogo, a auna, a duba daraja, a miƙa masa kafin alƙalami. Cikon kuɗinsa sai an rufe lissafin shekara a ƙarshen Yuli, sannan ya ƙara jiran wasu watanni. Duk wannan lokacin banki na jiransa, mai taki na jiransa, mai man tarakta na jiransa. A cikin wannan cikon da yake ƙirga wa kwana aka sa hannu. Wanda ke kai tan 1,000 a shekara, an raba shi da dala 4,000 ke nan kafin shekaru huɗun su cika, kuma ba a ba shi ko guntuwar takarda da ke cewa yana da kaso a jirgi ba.

Nan ne abin ya fi ci mini rai. Ƙidayar manoma ta 2011 ta nuna matsakaicin shekarun manomi a Kanada 54 ne. Jirgi kuwa abu ne da ake cin moriyarsa shekaru ashirin da ɗoriya. Dattijon da ya rage masa damina uku ko huɗu ya ajiye aiki, shi zai biya daga farko har ƙarshe, ran da riba ta fara shigowa ya riga ya sayar da gona. Ba shi da hannun jarin da zai sayar, ba shi da abin da zai bar wa 'ya'yansa gado. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Wannan ce hujjar da ƙungiyoyin manoman alkama da na sha'ir na yammacin ƙasar suka yi ta ɗaga murya a kai, kuma ban ga wanda ya amsa ta da gaskiya ba.

Me hukumar ta ce? Wai jiragen za su riƙa shigar wa asusun manoma da dala miliyan 10 ko fiye duk shekara, wai jiragen da ke tabkunan sun tsufa, wai ai tun da can ma tana da taragan jirgin ƙasa na dakon hatsi. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙas. In cinikin yana da daɗi haka, me ya hana a buɗe wa manoma ƙofa, mai so ya sa kuɗinsa ya karɓi takardar kaso, wanda ba ya so a ƙyale shi? Ga shi kuma mafi yawan hatsin yankin ta yamma yake bi zuwa tashoshin Vancouver da Prince Rupert, hanyar tabkunan kuma rufewa take yi duk hunturu idan ruwa ya daskare. Manomin Alberta da kayansa ba sa ko leƙa Thunder Bay shi ma sai ya biya.

Na san amsar magoya bayan hukumar: daraktoci 15 ne, 10 daga cikinsu manoma ne suka zaɓa, saboda haka manoma ne suka yanke. Kuma ba na musun cewa tana da masoya, domin a ƙuri'ar da ta gudanar a 2011 kashi 62 cikin 100 na manoman alkama da suka jefa sun ce a bar ta yadda take. Amma an zaɓe ka ka sayar mini da hatsi, ba a zaɓe ka ka yi mini kasuwancin jirgi ba. Wanda ka aika kasuwa da buhunanka, in ya dawo ya ce ya sayi kwalekwale da wani ɓangare na cinikin don amfaninka, cin amana ya yi ko da kwalekwalen zai yi riba. Balle ma wanda doka ta hana ka canja shi da wani ɗan aike.

Mu da muka tashi muna jin labarin dalar gyaɗa a Kano mun san wannan ciwon. Hukumomin sayen amfanin gona na wancan zamani su ke yanke farashi, ƙasa da na kasuwar duniya, su tara rarar da sunan za a tallafi manomi ran da kasuwa ta faɗi. Daga baya gwamnatocin yankuna suka riƙa ɗiba suna ayyukansu, har aka rushe hukumomin a 1986. Ta Kanada ta bambanta da namu a wuri ɗaya: alkawarinta shi ne duk abin da aka sayar zai koma wa manomi, ban da kuɗin gudanarwa. Wannan alkawarin ne kaɗai ya sa tilas ɗin ke haɗiyuwa, shi ne kuma aka taka da sayen jirgi.

Kuma dubi lokacin da aka zaɓa. Kowa ya san jam'iyyar firaministan lokacin, Stephen Harper, ta daɗe tana cewa za ta karya wannan babakere, ministan noma Gerry Ritz bai taɓa ɓoyewa ba. Aski ya zo gaban goshi, shi ne za ka ɗauko nauyin shekara ashirin ka ɗora wa mutane? Wata uku bayan sanarwar sayen jiragen, Harper ya samu rinjaye a majalisa, a Disamba dokar soke tilas ɗin ta wuce, aka kuma sallami daraktocin da manoma suka zaɓa. Ranar 1 ga Agusta 2012 tilas ya ƙare.

Gwamnatin ma ba ta wanke kanta a wurina ba. Ita da ta yi ta kukan an taɓa kuɗin manoma, da dukiyar ta dawo hannunta ta mayar musu? Manoma sun je kotu neman haƙƙinsu a kadarorin, aka ce a doka ba mallakinsu ba ne. A 2015 aka miƙa kashi 50.1 cikin 100 na hukumar ga kamfanin G3, haɗin gwiwar kamfanin cinikin hatsi na Bunge da kamfanin zuba jarin noma na Saudiyya, a kan jarin dala miliyan 250. Sauran kason aka ce na manoma ne, amma sai wanda ya ci gaba da kai musu hatsi zai samu.

Jiragen da aka ce za su iso a 2013, na farko sai 2015 ya fara aiki da suna CWB Marquis, ba a jima ba aka goge sunan aka rubuta G3 Marquis. Na biyu, masana'antar da ke ƙera shi ta karye yana tsakiyar aiki, daga baya kamfanin Algoma ya saye shi, yana yawo a tabkunan da suna Algoma Strongfield. Dattijon nan na Saskatchewan da aka taɓa masa ciko, wa zai je ya tambaya yanzu?