Alau: wa ya hana a gyara shi shekara 30?

Duk wanda zai ce min "haƙuri, ikon Allah ne", na yarda, na yi imani da ƙaddara. Amma ya fara gaya min wanda ya ɗaure hannun masu kula da dam ɗin Alau da ke kusa da Maiduguri tun ambaliyar 1994.

A waccan shekarar ina yaro, a bayan mahaifiyata na fita daga unguwar Gwange, ruwa har ƙugunta. Sai ga shi daren 9 ga Satumba 2024, wayewar garin Talata, dam ɗin ya ɓalle, ni ma na saɓa 'yata a wuya a wannan layin dai, cikin duhu, babu wanda ya busa mana ko da usur. Mutanen ƙauyukan Konduga da ke gefen dam ɗin sun daɗe suna kukan cewa bangon yana zaizayewa. Aka je, aka leƙa, aka dawo aka ce mu kwantar da hankalinmu. Muka kwanta kuwa!

Kogin Ngadda ya shigo gari kamar mai neman fansa. Fori, Gwange, Kasuwar Monday, har ƙofar fadar Shehu. Ruwa ya shiga asibitin koyarwa, ya shiga maƙabarta, kadoji da macizan gidan zoo suka bazu cikin unguwanni, katangar gidan yari ta faɗi, fursunoni sama da 200 suka fice. Mutum sama da miliyan ɗaya abin ya shafa. Adadin mamatan da aka riƙa faɗa a rediyo kuwa, wallahi a layinmu kaɗai mun yi jana'izar da ta sa ba na iya sauraronsa.

Kekunan ɗinkina biyu laka ta cinye, tare da yadin mutane da aka ba ni amana. Sau uku ana rubuta sunana a takardar tallafi. Sau uku! Da na je bin sawu, sai wani ya ɗaga kai da ƙyar ya ce wai ni ɗan haya ne, na mai gida aka lissafa. Shin ruwan ya tambayi takardar gida kafin ya shigo ɗakina?

An ce an ware naira biliyan 80 don sake gina dam ɗin. To, a fito a nuna mana inda aikin ya kai, a kuma faɗa mana sunan wanda ya sa hannu cewa bangon lafiyarsa lau. 'Yata har yau, da hadari ya haɗo, takalminta take ɗauka ta tsaya a bakin ƙofa.