Gwajin jini tun kana da lafiyarka: Jidda da Kano

Shekarata tara a Jidda, kuma abin da har yau yake ban mamaki shi ne yadda likita zai ganka garau amma ya ce sai an ɗebi jininka. Na je ne fa kan ciwon baya kawai, sai ga ni ana auna min hawan jini da suga da kitsen nan da suke ce wa kolestarol, wai tunda na haura 40.

A gida kuwa sai mutum ya faɗi. Mu ce wane lafiya lau aka yi sallar isha'i da shi, da asuba babu shi, wasu su ce jifa ne. Allah ya jiƙan mamatanmu, ajali gaskiya ne, amma wallahi da yawa bugun zuciya ne da ya daɗe yana sallama ba a amsa ba. Akwai binciken INTERHEART da ya fito a 2004, ƙasashe 52 aka duba, aka gano abu tara ne ke ɗauke da kusan kashi 90 na haɗarin, ciki har da taba, hawan jini, suga, kitse a jini da tumbi. Wanne ne a ciki yake buƙatar na'urar miliyoyi? Hawan jini ko a kemis ɗin unguwa za a auna maka.

Na ciwon daji ya fi min ciwo. Nan mace in ta kai 40 ana ba ta shawarar yin hoton mama tun ba ta ji komai ba, mu kuma har yanzu ana cewa daji ba ya son allura, a yi ta shafe-shafe sai ya fashe sannan a nufi asibiti. Kuɗi ma matsala ne, na sani, hoton ba arha ba. Amma rigakafin sankarar bakin mahaifa da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023 ai kyauta ne, shi ma an bi shi da surutu.

Kar dai a ce ina yabon Larabawa, su ma kabsa da lemon kwalba sun gama da su, suga kamar me. 'Yan uwanmu da ba su da igama, wato takardar izinin zama, kuwa ko ƙofar mustashfa, wato asibiti, ba sa son bi.

Jiya na tura wa Yaya kuɗin gwaji, ya ce min shi lafiyarsa ƙalau, buhun shinkafa zai saya.