Yaya na so ya mayar da Inna Faransa da zama, ni kuwa na ce ban yarda ba

Tun daren Juma'a ake ta cacar baki a zauren WhatsApp na gidanmu, har an yanke mini hukunci: wai baƙin ciki nake yi kada Inna ta huta. Goggonmu ta aiko da saƙon murya na minti shida tana tuna mini haƙƙin uwa. Na ji, Goggo, Allah ya ƙara girma. Amma tunda a can ba a barin mutum ya kai ƙarshen magana, bari in faɗi tawa a nan. Na san ba gidanmu kaɗai ba ne. Daga nan Garwa ta Kamaru zuwa Marwa har Injamena, duk gidan da ke da ɗa a Turai, akwai ranar da wannan zance zai taso.

Yayanmu da ke zaune a gefen birnin Liyon na Faransa ne ke so ya ɗauke Inna ta koma wurinsa gaba ɗaya. Ta haura saba'in, tana da hawan jini, tana da suga. Ya ce can akwai likitoci, akwai magani na gaske, babu zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40, babu ɗauke wuta. Duk gaskiya ne, kuma ban taɓa zargin niyyarsa ba, don shi ke ɗauke da rabin gidan nan. Sai dai ni na yi jigilar takardunta bara da ta je jegon matarsa, ni kuma na tarbo ta da ta dawo bayan wata uku. Gani ya kori ji.

Mu fara da takarda, tunda ita ce ƙofa. Iyayenmu da yawa ba su da takardar haihuwa ta asali, sai wadda kotu ta yi musu daga baya, an rubuta "an haife ta wajen shekara kaza". Sunan Inna a katinta na ɗan ƙasa daban aka rubuta shi da yadda yake a takardar haihuwar Yaya. Harafi biyu ne kacal, wani magatakarda ya ji da kunnensa ya rubuta yadda ya ga dama shekara arba'in da suka wuce. A takarda ke nan, matar da ta haife shi ba ita ce uwarsa ba. Wata biyu na yi ina safa da marwa kafin a gyara. Fasfo sefa dubu 110. Kuɗin biza yuro 90 tun watan Yunin 2024, wato kusan sefa dubu 59, kuma ko an hana ka ba a mayar maka ko dala. Ga takardar masauki da Yaya zai karɓo a ofishin magajin garinsu ya aiko da ita, ga inshorar lafiya da dole ta iya ɗaukar ɗawainiyar yuro dubu 30, abin da ya kusa sefa miliyan 20. Ranar ɗaukar hoton yatsu kuwa na'ura ta ƙi karanta yatsun Inna. Shekara hamsin na surfe da wanki da lalle sun cinye zanen. Aka goge, aka danna, aka sake gogewa, ita kuwa sai ba yarinyar haƙuri take yi kamar ta yi laifi.

Duk wannan wahala ta kwana 90 ce cikin kwana 180. Iyakar bizar ziyara ke nan. To a zauren namu wani ɗan baffanmu ya kawo dabara, wai ta shiga da bizar ziyara, in ta ƙare kawai ta yi zamanta, "ai kowa haka yake yi". A nan raina ya ɓaci. Saurayi ɗan shekara ashirin da biyar ya zauna ba takarda, ya yi ta wasan ɓuya, wannan zaɓinsa ne kuma ƙafarsa na da gudu. Amma tsohuwar da ko bashin gishiri ba ta kwana da shi, ka mai da ita mai laifi a ƙasar mutane? In aka yi rasuwa a gida ba ta isa ta zo gaisuwa ba, don in ta fito ba komawa. Hanyar gaskiya ita ce bizar dogon zama, kuma daga nan ake neman ta. Tunda Yaya ya samu takardar zama ɗan ƙasa, ana iya nema mata a matsayin uwar da ɗanta ke riƙe da ita, amma sai an nuna shaidar cewa shi ke ciyar da ita tun da daɗewa. Ina shaidar? Shekara da shekaru ta hannun 'yan kasuwa yake aiko da kuɗi, a ba shi a can, a miƙa mana a babbar kasuwa. Ba rasiɗi ko ɗaya. Abin dariya ma, bara mun cika takardun neman biza da hujjar cewa Inna na da gida da abin hannu a Garwa don a yarda za ta dawo. Bana kuma sai mu rantse ba ta da komai sai shi.

Maganar asibiti kuwa, ba zan yi butulci ba. A can aka gano yanar da ke rufe mata idon hagu, a can aka gyara mata awon maganin hawan jini, aka ba ta na'urar gwada suga. Amma a sani, inshorar tafiya ta haɗari da ciwon farat ɗaya ce, yawancinta ba ta biyan ciwon da mutum ya zo da shi daga gida, kuma tsohon da ya haura saba'in kuɗinsa ya fi tsada. Ganin likitan unguwa yuro 30 ne, wannan da sauƙi. Kwana ɗaya a gadon babban asibiti, ga wanda ba ya cikin tsarin lafiyar ƙasar, yana iya haura yuro dubu.

Ba ma kuɗin ne ya fi damuna ba. Inna Hausa take ji da Fulatanci, Faransancinta bai wuce gaisuwa ba. Wa zai yi mata tafinta a gaban likita? Yaya. Ɗanta na fari, wanda har yau ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce "wancan" ko "mai gidan Liyon". Likita ya tambaya sau nawa take tashi fitsari da dare, ko tana jin zafi, Yaya ya sunkuyar da kai ya fassara, Inna ta kalli bango ta ce lafiya lau. Alhali mako biyu ke nan tana fama. Ni ta kira, daga banɗaki, murya ƙasa-ƙasa, ta saki famfo don kada a ji. Daga Garwa na buga wa matar Yaya, ita ta mayar da ita asibiti, ashe ciwon ya fara taɓa ƙoda. Likita ya ƙware, na'ura ta ƙware, amma abin da mara lafiya bai faɗa ba wa zai yi maganinsa? A nan kuwa, in muka je, ma'aikaciyar jinyar "Dada" take ce mata, wato uwa da Fulatanci, su rufe ƙofa su kore ni waje, a yi maganar mata.

Sai abinci, wanda 'yan uwana ke ɗauka wasa ne. A filin jirgi aka fara: kilishi da man shanun da ta ɗaure da hannunta duk an karɓe, don dokar Tarayyar Turai ta hana shiga da nama ko kayan madara a jakar matafiyi. Busasshen kifin tafkin Lagdo ya wuce, shi an yarda har kilo 20, kuka da kuɓewa da daddawa ma sun tsira. Amma miya ba tuwo? Akwai shagunan 'yan Afirka, ana samun garin masara da gero, sai dai tsada da nisa, ga mai jego a kwance, ga Yaya na fita tun duhu. Aka koma tuwon semul, farar shinkafa, da dogon burodin nan safe da yamma. Nama ta ƙaurace masa kusan wata guda, har sai da Yaya ya kai ta ta ga mahaucin Balarabe da idonta. Ranar da ta ce bari ta daka yaji a ɗan turmin da ta taho da shi, maƙwabcin ƙasa ya hau ya ƙwanƙwasa ƙofa. Daga ranar turmin ya zama abin ado. Sugarta da ke tsayawa wajen giram ɗaya da 'yan kai da safe a nan, can sai da ta haura biyu.

Ba burodin kaɗai ba ne. A Garwa Inna ba ta zama. Tuwon jar dawa ko na muskuwari take ci da miyar yakuwa, lalo, tafasa ko zogale, sannan ta taka zuwa Islamiyya, ta biya barka a Yelwa, ta leƙa gaisuwar mutuwa a Rumde Ajiya. Wannan yawon shi ne rabin maganinta, ko da ba wanda ya rubuta shi a takardar likita. A can tana hawa na huɗu, a watan Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe biyar, ba kiran salla sai na waya, ba mai sallama. Ƙafafu suka yi nauyi, ƙasusuwa suka ɗauki ciwo, likita ya ce sinadarin bitamin D ya yi ƙasa, abin da ke yawan samun masu baƙar fata in rana ta yi ƙaranci. Matar Yaya ta ce wani lokaci sai ta same ta a bakin taga tana ƙirga motoci.

Kada wani ya ce na wanke tukunyar gida. Mu ma muna kashe tsofaffinmu da hannunmu cikin so: shayi mai suga kamar zuma sau uku a yini, makala da safe, magi uku a miya ɗaya ga gishiri ga kanwa, sannan goro a kumatu har dare. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi gishirin yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Wace miyarmu ce ta san wannan? Amma gyaran wannan a hannuna yake, a madafina, ba ya neman biza.

Wanda ke ganin zaman can hutu ne ya dubi Baffanmu. Tun yana saurayi ya tafi, ya ƙarar da ƙarfinsa a aikin gini a kewayen Faris. Fanshonsa kaɗan ne don shekaru da dama ba a yi masa rajista ba, sai tallafin tsofaffi da gwamnati ke cike masa da shi zuwa yuro dubu da 'yan kai a wata. Wannan tallafi sharaɗinsa zama a ƙasar. A da wata shida ne a shekara, daga baya aka mayar da shi wata tara. Katinsa na izinin zama na shekara goma kuma mutuwa yake yi in ya yi shekara uku a jere a waje. Fanshon zalla zai iya karɓa a nan, in dai duk shekara ya aika da takardar shaidar yana raye, amma ba zai riƙe shi da maganinsa ba. Ga gida ya gina a Garwa, jikoki na wasa a tsakar gida, shi kuma yana can a ɗaki ɗaya yana lissafin kwanaki a kalanda. In ya zo ma sai zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, don jikin da ya daɗe a waje yakan rasa sabon da ya yi da cutar. Can baƙo, nan baƙo. Irin wannan muke ji daga tsofaffinmu na Makka da Jidda, waɗanda sabunta iƙama ya zame musu ciwon kai na shekara-shekara, balle tun da aka sa haraji kan iyalan baƙi a 2017.

Akwai kuma maganar da ba a so a yi, amma musulmi ba ya gudunta. A Faransa dole sai da akwati ake binnewa, kuma ba a yi kafin awa 24. Ba kowace maƙabarta ke da ɓangaren musulmi ba, kabarin ma sau da yawa haya ce ta wasu shekaru. Dawo da gawa kuwa miliyoyi ne da tarin takardu. Mu 'yan Garwa ba sai an ba mu labari ba. Ahmadu Ahijo, ɗan garin nan, wanda ya mulki Kamaru sama da shekara ashirin, a Dakar ya rasu ranar 30 ga Nuwamban 1989, kuma a maƙabartar Yof yake kwance har yau. Inna ta sha faɗa mana, ba sau ɗaya ba, cewa kusa da Baba take so.

Abin da na ce wa Yaya ke nan, kuma ban canza ba. Yaya, ta riƙa zuwa ziyara lokacin da can ke da ɗumi, tsakanin Mayu da Agusta, a duba ta sosai, a yi mata aikin idon, ta ga jikokinta, ta dawo kafin kwanakinta su cika. Kuɗin da za a kashe a neman zama a sa mata sola da firji da fanka, a riƙa sayen magani a kantin magani na gaske ba na bakin titi ba, a ɗauki mai jinya ta riƙa zuwa awo duk mako. Kuma daga yau ka riƙa aiko da kuɗi ta hanyar da ke ba da rasiɗi, don in wata rana ciwo ya fi ƙarfin nan, a samu abin nunawa. Ya ce ni ba ni da hangen nesa. Wataƙila. Mai ɗaki dai shi ya san inda yake masa yoyo.

Jiya da la'asar na lura cewa cikin saƙonni sama da ɗari biyu da aka yi a kanta, ba wanda ya tambaye ta. Na same ta tana tsince yakuwa a tabarma, na zauna na ce, "Inna, Yaya na so ki koma wurinsa da zama. Ke me kika gani?" Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Duk yadda kuka yi daidai ne, Allah ya yi muku albarka." Na san wannan amsa, ita za ta ba Yaya in ya kira, shi kuma zai ce ai ga shi ta yarda. Muka yi shiru. Can ta ture farantin gefe ta ce in tuna wa ƙanena ya sayo buhun dawa biyu tun farashi bai tashi ba, kuma a kira magini ya duba rufin ɗakinta, akwai inda ya zuba bara, ba ta son damina ta same ta haka.