Darbejiyar gaban kyamara ba za ta tare hamada ba

Damina ta sauka, an kuma dawo da bikin da aka saba. Manya sun fito cikin babbar riga, an riƙe musu laima, sun tura ɗan tsiro a rami, kafin la'asar sanarwa ta fita cewa za a dasa miliyan kaza don yaƙi da sauyin yanayi. Ba mai komawa da bazara ya ƙirga nawa suka rayu. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne irin abin da ake dasawa.

Darbejiya daga Indiya aka kawo ta, bishiyar turare kuma daga Ostireliya. Suna saurin girma, shi ya sa 'yan kwangila ke ƙaunarsu. Dajin da muke asara kuwa na ɗorawa ne da kaɗanya da kuka da tsamiya, da marke da ƙirya da ake ƙonewa ana loda gawayinsu a tirela, da madobiyar Taraba da aka yi ta jigilarta zuwa ƙasar Sin. Kowacce da jama'arta: jemagu ke barbarar furen kuka da ɗorawa, ƙudan zuma ke yi wa kaɗanya. Ka sare uwar, ka kori waɗannan duka. Kuma in ruwa ya yi gardama, gero ya ƙi, bishiyoyin nan namu ne ke riƙe ƙauye da kuka da daddawa da man kaɗe, don sun san fari tun kaka da kakanni. Wace uwa ce za ta kaɗa miya da ganyen turare?

Masu cewa ai bishiya bishiya ce, duk iskar da ke ɗumama duniya suke zuƙa, su je su tambayi manomi me ya sa ba ya sare gawo. Gawo kan zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya takinta ƙasa, da rani kuma ya ciyar da dabbobi.

Maƙwabtanmu sun gane wannan tuntuni. Daga shekarun 1980, manoman Maraɗi da Damagaram suka daina tumɓuke kututture, suka riƙa gyara tohon da ke fitowa da kansa. An ƙiyasta sun farfaɗo da hekta miliyan 5, bishiyoyi kusan miliyan 200, ba laima ba kyamara. Shirin babbar ganuwar bishiyoyi da shugabannin Afirka suka amince da shi a 2007, mai burin hekta miliyan 100 kafin 2030, rahoton 2020 ya nuna kimanin hekta miliyan 4 kacal aka gyara a zirin da aka shata masa.

A bar wa manomi ikon bishiyar da ke gonarsa, a tsayar da tirelolin gawayi a hanya. Kuɗin bikin dashe kuma a biya masu gadin daji da su.