Bankunan New York ne suka jawo jinkirin da suke kuka da shi

Tun ranar 30 ga Disamba, 2022, da Gwamnar jihar New York, Kathy Hochul, ta sa hannu a dokar da ta hana bankuna wasa da wa'adin shigar da ƙarar ƙwace gida, kuka ɗaya muke ji daga bakin bankunan da lauyoyinsu, wai an buɗe wa waɗanda suka daina biyan bashin gida ƙofar samun gida kyauta. Sun garzaya kotuna suna roƙon kada dokar ta shafi tsofaffin ƙararraki, kuma suna nuna mai gidan da ya yi shekara goma ana shari'a da shi tamkar wani ɗan damfara da ya miƙe ƙafa a ɗakin da bai biya ba. Wannan magana ta “gida kyauta” ce ta ɓata mini rai, domin tana ɗora laifin jinkiri a kan wanda ba shi ne ke riƙe da linzamin shari'ar ba.

Dokar jihar ta daɗe da ba mai bin bashi shekara 6 ya kai ƙara, kuma wa'adin yana fara aiki ne daga ranar da banki ya ce ba ya son biyan wata-wata kuma, a ba shi dukkan kuɗinsa gaba ɗaya, abin da yawanci yakan faɗa a cikin takardar ƙarar da ya shigar. A watan Fabrairun 2021 babbar kotun jihar ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin Freedom Mortgage cewa idan banki ya janye ƙararsa da kansa, to ya soke waccan buƙatar ke nan, lissafin wa'adi ya koma farko. Ma'anar wannan a aikace ita ce banki zai iya shigar da ƙara, ya bar ta kwance shekara huɗu ko biyar, ya janye ta, sannan ya dawo da sabuwa duk ranar da ya ga dama, ya kuma maimaita. Sanata James Sanders da 'yar majalisa Helene Weinstein sun kawo ƙudurin da ya zama dokar 2022, wanda ya toshe wannan kafa, ya ce ɓangare ɗaya ba zai mayar da hannun agogo baya shi kaɗai ba. Iyakar abin da dokar ta yi ke nan a wannan gaɓa. Ba ta yafe wa kowa bashi ba, kuma ba ta rage ko rana ɗaya daga shekara shidan ba.

Gaskiya ne New York na cikin jihohin da ba a ƙwace gida sai alƙali ya ba da izini, saɓanin irin su California da Arizona inda ake iya yin gwanjon gida ba tare da an shiga kotu ba, kuma gaskiya ne a wajajen 2012 shari'ar ƙwace gida a jihar kan haura kwana 1,000 kafin a gama ta. To amma wa ya jawo hakan? A kakar 2010 ne asirin bankunan ya tonu, bayan wani ma'aikacin kamfanin ba da rancen gida na GMAC ya amsa a ƙarƙashin rantsuwa cewa yakan sa hannu a takardun ƙwace gidaje kusan 10,000 a wata. Idan aka raba wannan adadi da sa'o'in aikin wata guda, za a ga takarda ɗaya ce a kowane minti, kuma kowace takarda rantsuwa ce cewa mai sa hannun ya duba fayil ɗin da idonsa ya tabbatar da abin da ake bin mutum. GMAC da JPMorgan Chase sun dakatar da ƙwace gidaje a jihohin da ake bi ta kotu, Bank of America kuwa ya dakatar a dukkan jihohi 50. A watan Oktoban shekarar babban alƙalin New York na lokacin, Jonathan Lippman, ya kafa sharaɗi mai sauƙi, cewa lauyan banki ya sa hannu da kansa ya tabbatar takardun da ya kawo na gaskiya ne. Nan take yawan sababbin ƙararraki ya faɗi ƙasa warwas, waɗanda aka riga aka shigar kuma suka tsaya cik, domin lauyoyin ba su yarda su jingina mutuncinsu da takardun da bankunan suka miƙa musu ba.

A Janairun 2011 babbar kotun jihar Massachusetts ta soke gwanjon wasu gidaje biyu da U.S. Bank da Wells Fargo suka yi, saboda sun kasa nuna cewa jinginar gidajen tana hannunsu a ranar da suka sayar. An yi ta sayar da basussukan daga hannu zuwa hannu ana ƙunshe su cikin takardun jari, har aka wayi gari wanda ya zo karɓar gida bai iya nuna yadda bashin ya zama nasa ba. A Fabrairun 2012 manyan bankuna biyar suka amince da sasanci na dala biliyan 25 da gwamnatin tarayya da jihohi 49 kan wannan aika-aika. Mutumin da bai iya nuna takardar bashinsa ba, ina bakinsa na zargin kotu da nawa?

Akwai wani abu da ba na mantawa da shi. Kamfanin lauyoyi na Steven J. Baum, wanda ya fi kowa shigar da ƙarar ƙwace gida a New York a wancan lokaci, ya rufe a ƙarshen 2011 bayan jaridar New York Times ta buga hotunan wani bikin ma'aikatansa, inda wasu suka yi shigar marasa matsuguni, suka shafa datti a fuska, suna kwaikwayon mutanen da suka kora daga gidajensu. Da irin wannan ido ake kallon mai gida a ofisoshin da yanzu ke cewa an zalunce su.

Zaman jiran shari'ar kuma ba kyauta ba ne. A ɗauki misalin wanda ake bi dala 300,000 da kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari. Kowace shekara dala 18,000 na hawa kansa, shekara goma ta zama 180,000, ban da tarar makara da kuɗin lauyan banki da na inshorar da bankin kan saya ya ɗora masa. Da an gama shari'ar a shekara ta biyu, mai yiwuwa ya sayar da gidan ya biya ya fita da ɗan abin da zai kama haya. A shekara ta goma kuwa kuɗin ruwa ya cinye duk abin da ya zuba tun farko. A tsawon wannan lokaci sunansa ya ɓaci a wajen masu ba da rance, ba ya iya gyara rufin da ke yoyo domin bai san ko gidan zai kai damina mai zuwa a hannunsa ba, ga ambulan na ta zuwa daga sabon kamfanin da bai taɓa jin sunansa ba, kowanne da adadin da ya saɓa wa na baya. Yara suna tambaya ko a makarantar unguwar za su gama, uba ba shi da amsa.

Mu da muka tashi muna jin cewa bashi hanji ne yana cikin kowa, muka kuma san cewa jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne, ba za mu yi wa wanda yake da kuɗi ya ƙi biya uzuri ba. Akwai irinsu, musamman lokacin da farashin gidaje ya karye, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu bashin gida a Amurka suka tarar abin da ake binsu ya fi darajar gidan. Sai dai wa'azin riƙon amana ya zo daga bakin da bai cancanta ba. A Maris ɗin 2008 Sakataren Baitulmalin Amurka na lokacin, Henry Paulson, ya kira mai gidan da zai iya biya amma ya juya baya da ɗan cacar kasuwa wanda bai cika alkawari ba, sannan a Oktoban shekarar majalisar dokokin Amurka ta ware dala biliyan 700 don ceto bankuna. Ƙungiyar bankunan ba da rancen gida ta Amurka, wadda shugabanta ke yi wa jama'a nasihar ci gaba da biya, ta sayi ginin hedikwatarta a Washington kan dala miliyan 79 a 2007, ta sayar da shi kusan miliyan 41 a 2010, ƙasa da bashin da ke kansa. Kamfanonin Tishman Speyer da BlackRock sun sayi rukunin gidajen Stuyvesant Town da ke Manhattan kan dala biliyan 5.4 a 2006, da kasuwa ta juya suka miƙa wa masu binsu bashi makullai a Janairun 2010, aka kira wannan dabarar kasuwanci. Direban bas ne kaɗai ake tuna wa kunya da mutunci idan ya yi irin wannan lissafi.

Masu cewa dokar za ta sa bankuna su ƙara kuɗin ruwa ko su guje wa jihar, barazanar da suke yi ke nan duk lokacin da aka nemi banki ya bi ƙa'ida, kuma ba ta cancanci dogon martani ba. Bankin da takardunsa ke tsaf shekara shida ta ishe shi ya ƙwace gidan mai taurin bashi har ya sayar.

Jinkirin ma a lokuta da dama zaɓin bankin ne. Idan gida yana unguwar da farashi ya faɗi, karɓarsa na nufin biyan haraji da gyara da rubuta asara a littafi, don haka sai a shigar da ƙara a tsorata mai gida ya kwashe kayansa, sannan a bar shari'ar a rataye. Gidan ya zama kango, ciyawa ta rufe ƙofa, bututun ruwa ya fashe da sanyin hunturu, maƙwabta su ga darajar nasu gidajen na zubewa, takardar haraji kuma na ci gaba da zuwa da sunan wanda ya tashi tuntuni. Sai da jihar ta yi doka a 2016 kafin a tilasta wa bankuna kula da irin waɗannan gidajen da aka yasar.

Abin da ya rage shi ne alƙalai su riƙa korar ƙarar da aka bari kwance ba dalili, su kuma hana banki cin kuɗin ruwa na shekarun da shi ya ɓata. Zaman sasanci tsakanin banki da mai gida, wanda dokar jihar ta wajabta tun 2008, a daina barin banki ya turo lauyan da ba shi da ikon yanke komai. Majalisar dokokin jihar da ke Albany kuma kada ta saurari masu neman a sassauta dokar 2022, ko da za a zo mata da batun a cikin kasafin kuɗi.