Olsar da ba ta jin madara

Duk wanda ya ce yana da olsa, shawarar da za a fara ba shi ita ce kada ya zauna da yunwa, ya riƙa shan madara, ya nemi farin ruwan maganin nan na kemis. Ni dai ina ganin mun daɗe muna ɗora wa yunwa laifin da yawancinsa ba nata ba ne.

Babbar mai haddasa gyambon ciki wata bakteriya ce, Helicobacter pylori. Sai kuma yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac. Likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano bakteriyar a 1982. Ba a yarda da su ba, don an ɗauka babu ƙwayar da za ta rayu cikin asid ɗin tumbi. Har sai da Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ke ɗauke da ita a 1984, cikinsa ya kumbura. A 2005 aka ba su kyautar Nobel.

To yaya take rayuwa a wurin? Tana ƙera wani sinadari, enzayim, mai suna yuriyes. Aikinsa ya farfasa yuriya, irin wadda manoma suka sani a buhun taki, wadda jikinmu ma yake samarwa, ya mai da ita amoniya. Amoniyar ta kashe kaifin asid ɗin da ke kewaye da ƙwayar, ita kuma ta nutse cikin yauƙin da ya lulluɓe bangon ciki. Idan fararen ƙwayoyin jini suka kawo mata hari da gubarsu, tana da wani enzayim, katales, da ke mai da gubar ruwa da iska. Haka za ta shekara talatin a cikin mutum.

Shi ya sa madara ke kwantar da zafi na ɗan lokaci, ciwon ya dawo. Ƙwayar tana nan daram. Kuma tun 1994 hukumar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke jawo kansar ciki.

Akwai gwajin bayan gida, akwai na numfashi, wanda ma aikin yuriyes ɗin yake kamawa. In an same ta, likita kan haɗa magungunan kashe ƙwayoyi biyu da omeprazole, mai rage asid ɗin ciki, na kwana 10 zuwa 14. Abin da ke ba ni haushi shi ne masu ajiye maganin a rana ta huɗu don sun ji sauƙi, bayan wata biyu su koma kemis neman farin ruwa.