Kifin da masunta ke jefarwa ya je sararin samaniya

Jama'a ni fa abin da yake damuna da mu shi ne in dai ba a cin dabba ko ba a sayar da ita, to shikenan mun gama yanke hukunci ba ta da amfani.

Akwai wani kifi a gaɓar tekun Atilantika ta gabashin Amurka da ake kira kifin kwaɗo, sunansa na kimiyya Opsanus tau. Wallahi in ka ga hotonsa ba za ka so a sa maka shi a miya ba, ƙaton kai a baje, baki wage, jiki ba ɓawo sai yauƙi kamar na tarwaɗa, yana kwance can ƙasan ruwa cikin duwatsu ko tarkacen da mutane suka zubar har cikin gwangwani, yana jiran ƙaguwa ko ƙaramin kifi ya gifta ya cafke. Masuntan can in ya kama musu ƙugiya yawanci mayar da shi suke yi, ga shi da cizo.

To amma ku ji abin da Allah ya ajiye a jikinsa. Lokacin aure namijin ne yake samun rami ya zauna ya dinga kiran mace da wani irin gunji, kuma ba da baki yake yi ba, wata jakar iska ce a cikinsa da tsoka a manne da ita, tsokar tana kaɗawa wajen sau 200 a daƙiƙa ɗaya, tana cikin tsokoki mafi sauri da aka sani a duk dabbobi masu ƙashin baya. In macen ta zo ta saka ƙwai sai ta kama gabanta, shi zai zauna yana gadi yana yi wa ƙwan fifita da fikafikansa yana korar duk mai son ci, makonni ana haka, ko bayan an ƙyanƙyashe bai tafi ba sai yaran sun iya kansu. Wannan wurin ya taɓa ni sosai gaskiya.

A 1998 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta ɗauki wannan kifin ta sa a kumbon Columbia, saboda ɓangaren cikin kunnensa mai kula da daidaiton jiki yana kama da namu, ana son a gane me ke faruwa da shi in babu nauyin ƙasa, abin da ke jawo wa 'yan sama jannati jiri da tashin zuciya. Duk wannan ya faru ne don wasu sun zauna shekara da shekaru suna kallon kifin da ba mai so.

Mu fa nan Kaduna? Kogi ya raba garin biyu, kullum muna tsallake gada, amma mutum nawa ne suka taɓa tsayawa su tambayi yadda minjirya take haɗa lantarki a jikinta, ko yadda gaiwa take binne kanta a laka ta wuce rani gaba ɗaya tana shaƙar iska da huhu, ko karfasa da take rainon ƙwanta a cikin baki? Mu dai nawa ne kilo, a soya a sa yaji.

Ni ina ganin malamanmu na ilimin halittu su riƙa kai ɗalibai bakin kogi. Tsofaffin masunta suna nan, sun san watan da kowane kifi yake ƙwai da inda yake ɓuya in ruwa ya janye, a tura yara da littafi da biro su zauna da su tun suna raye.